Mu'az Na Bakwai A Cikin Firizar Umma

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bin labarina. Wadda ta rubuto min ta ce in rage boko in ƙara soyayya, yau sai ki yi haƙuri da ni, don a gidanmu bokon da soyayyar firiza ɗaya suka shiga, kuma tare aka ɗauke su.

Ga wanda yau ne farkon shigowarsa: sunana Hidaya, 'yar Malam Usaini mai Islamiyya a cikin garin Gaya. Ina digiri na biyu a Kano, ɓangaren sinadaran jikin halitta. Mai nemana sunansa Mu'az, malamin gona ne a Ajingi. Ranar da abin nan ya faru Laraba ce, saura kwana uku manyansa su zo gidanmu a sa rana. Umma har ta sa an wanke labulayen falo, an ba da aikin dubulan da alkaki, gidan sai ƙamshin turaren wuta kamar yau ne bikin.

Shekara biyu ke nan ina fama da wani furotin. Kada sunan ya firgita ku. Furotin su ne 'yan ƙananan ma'aikatan da ke cikin duk wani abu mai rai, kowanne da aikinsa. Nawa asalinsa daga murjani ne, ba na wuyan amare ba, mai ran da ke ƙarƙashin teku. Abin da ya raba shi da sauran shi ne yana da makunni, kuma haske ne ke danna shi. Ka haska masa shuɗiyar fitila, sai ya yi kore shar, yana yi yana dushewa har ya ɗauke. Ka watsa masa haske shunayya, sai ya farfaɗo. Kashe, kunna, kashe, kunna, ba ka ko taɓa shi ba.

Sau shida ina gyara shi yana ƙi. Na bakwai ne ya amsa. Ranar da na ga ya kunnu ya mutu ya sake kunnuwa, sai da na fita bayan ɗakin gwaji na yi kuka. Da na dawo zan rubuta wa 'yar kwalbar suna, abokan karatuna duk haruffa da lambobi suke sawa, ni kuwa hannuna ya ƙi. Masu karatu, ku ne shaidata, ban yi shawara da kowa ba. Na rubuta MU'AZ 7 da baƙin alƙalami, na yi murmushi ni kaɗai.

To ana gobe hutu firijin ɗakin gwajinmu ya lalace. Dakta, malamar da ke duba aikina, ta ce duk mai inda zai adana nasa a sanyi ya tafi da shi, tunda tataccen ruwa ne, babu ƙwayar cuta a ciki. Ni kuwa Umma tana da firiza mai sola, ta sana'ar ƙanƙara da zoɓo. Na naɗe kwalbar da takardar azurfa saboda haske, na sa a baƙar leda, robar da zan ɗaure ta tsinke, sai na ɗauki zaren ɗinkin Umma na naɗe ta tamau, na cusa can ƙasa bayan ƙullin zoɓo. Ban gaya wa kowa ba, don na san Umma za ta ce na kawo mata maganin asibiti cikin kayan shan mutane.

Ranar Larabar, bayan na gama wanke-wanke, na ɗaga murfin firiza in leƙa. Na tura hannu, babu. Na kwashe zoɓon kaf na zube a tabarma, babu.

"Umma, wa ya buɗe firiza?"

"Ki ce wa bai buɗe ba," ta amsa daga madafi. "Firizar sana'a ce, ba akwatin lefe ba. Talatu ta zo da sassafe ta ɗebi ƙanƙararta. Ko shayi ta ƙi tsayawa ta sha, ban san me ya koro ta ba."



Gwaggo Talatu ƙanwar mahaifin Mu'az ce, ƙawar Umma tun suna 'yan mata, ita ke sarin ƙanƙara a wajenmu ta kai Ajingi. Ita ce ma silar komai. Bara da ta ji ina neman gyaɗa mai fumfuna don aikin makaranta, ita ta turo min ɗan wanta da ƙulli guda. Wasu da turare aka fara zuwa zance wajensu, ni da ruɓaɓɓiyar gyaɗa aka fara, kuma wallahi ban taɓa yi wa mai turaren hassada ba.

Wayata ta yi ƙara. Mai Gyaɗa, haka na ajiye sunan Mu'az.

"Baba ya ce a dakata da zancen Asabar. Ya karɓi alkawarina ba zan kira ki ba sai an warware. Ki yi haƙuri."

Shi ke nan. Babu "Dakta" da yake tsokanata da shi, babu 'yar fuskar dariyar da yake ƙarewa da ita. Na rubuta, "Ka yarda da abin da aka ce?" Saƙon ya tafi, ya tsaya da alama ɗaya.

Ban gama haɗiye wannan ba Umma ta fito tana goge hannu da zani, wayarta a kunne, fuskarta ta sauya. Ta danna ta sake kunna saƙon muryar Gwaggo Talatu, ta ajiye a kan turmi don in ji da kunnena.

"Bilki, ni da ke ba ta ɓaci, amma abin da na gani ba zan iya haɗiye shi ba. Baƙar leda, an naɗe da zare. A ciki takardar azurfa. A ciki kwalba da wani ruwa. Ga sunan yaronmu ɓaro-ɓaro, har da bakwai! A ƙasan firiza, Bilki, inda ba mai gani! Dama na ce yaron nan ko tuwo aka ajiye masa sai ya ce Hidaya. Na kai wa Yaya Malam, uban yaron. Ni na haɗa abin nan, kada a ce da hannuna na kai ɗan wana gidan mallaka."

Mallaka. Ni Hidaya, da na sauke a hannun mahaifina ina shekara goma sha huɗu.

Umma ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Zama ta yi a bakin rijiya ta ce, "Me ya sa ba ki gaya min ba? Da ni zan ce mata na makaranta ne, ta yi dariya ta wuce."

Da Abba ya dawo daga makaranta ya saurari komai yana tsaye, ko hularsa bai cire ba. Tambaya ɗaya ya yi min.

"Hidayatu, akwai abin da zan ji kunyarsa gaban Allah a cikin kwalbar nan?"

"Babu, Abba."

"To ni kin gama da ni. Amma su ba su haife ki ba, sai an nuna musu. Gobe ki ɗauki fitilunki, Bala ya kai ki."

"Malam!" in ji Umma. "Budurwa ta taka gidan surukai kafin a ɗaura? Me gari zai ce?"

"Kunyar yini ɗaya da ta shekara ashirin, zaɓi ɗaya, Bilki."

Shi ba zai je ba, kun san uba ba ya tsoma baki kai tsaye a zancen auren 'yarsa. Shi ya sa aka kira Kawu Bala, ƙanen Umma, mai adaidaita sahu, mutumin da ko a gidan makoki sai an roƙe shi ya yi shiru.

Ku gaya min, wace sutura ake sawa a je gidan surukai a wanke kai daga zargin asiri? Na fito da leshi na mayar. Na ɗauko doguwar riga mai duwatsu na ce a'a, za a ce ga idon duniya. Ƙarshe atamfa ruwan toka na ɗaura, da hijabi ruwan ƙasa har idon sawu. Ban sa kwalli ba. Turaren da na fesa bisa sabo ma sai da na goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a ce shi ma na wani abu ne. A jaka na sa 'yan fitilu biyu, shuɗiya da shunayya, da tabarau ruwan ɗorawa wanda ke tare shuɗin haske don koren ya fito.

Muna fita gari Kawu ya fara.

"Ke 'yar nan, tsakani da Allah, in yana aiki ki sam min kaɗan. Kwana uku ke nan matata Rukayya ba ta yi min dariya ba."

"Kawu, don Allah."

"A'a, ina nufin ki rubuta BALA 1. Ni ba na buƙatar bakwai, ba ni da taurin kai."

Na yi dariya hawaye na zuba. Damina ta zauna sosai, gero ya kai kafaɗa, gonakin gyaɗa dama da hagu sun yi shar da 'yan furanninsu ruwan ƙwai. Ni kuwa lissafi ɗaya nake yi. Yini guda da kwana guda kwalbar tana hannun mutanen da suka ɗauke ta asiri. In Gwaggo ta shanya ta a rana fa? In an tuttular? In na haska ta ƙi kunnuwa, me zan nuna? Sai in tsaya gaban dattijo da fitila a hannu kamar mai neman allura. Abin da ya fi ci min rai kuma ba wannan ba ne. Alamar nan ɗaya ce da ke kan saƙona har yanzu.

Malam Maiwada, mahaifin Mu'az, yana zaune a zaure kan buzu. Dogo ne siriri, gemunsa fari tas, tafin hannunsa duk kantar fartanya. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa na gaishe shi, idona a ƙasa. Gwaggo Talatu tana gefe ta juya min rabin baya, gabanta ƙwarya da dakakken ganyen magarya, an shirya karya sihiri.

"Sannu da hanya, 'yar Malam," in ji shi. Muryarsa ba zafi, ba sanyi. "Zuwanki ya nuna an ba ki tarbiyya. Talatu, yi tambayarki."

Gwaggo ta juyo. Idonta ya kumbura, ashe ita ma ta sha kuka.

"Bakwai kika rubuta. To ina shidan? A ina kika binne su?"

"Ban binne ba, Gwaggo. Lalacewa suka yi, aka zubar a makaranta. Kuma su ba su da suna."

"Kun ji! Sai da ya ci sannan aka sa masa sunan yaro!"

Kawu ya yi tari mai kama da dariya. Malam ya dube shi sau ɗaya, tarin ya warke.

Na yi bayani iya yina. Murjani, makunni, firijin da ya lalace, robar da ta tsinke. Ina yi ina jin yadda maganar ke fita kamar tatsuniya. Da na kai ƙarshe na ce, "Baba, in an ba ni ita, zan nuna. Sai dai in zafi ya taɓa ta, ban sani ba ko..." 

Malam ya ɗaga murya kaɗan. "Mu'azu. Kawo amanar nan."

Ya shigo. Shadda ruwan sararin samaniya, wadda na taɓa ce masa tana yi masa kyau, idonsa ja kamar wanda bai runtsa ba. Bai dube ni ba. A hannunsa filas ɗin shayi ne, an naɗe da jiƙaƙƙen buhu, ruwa na ɗiga. Ya durƙusa ya buɗe a gaban mahaifinsa. Ƙanƙara ce cike, a tsakiyarta baƙar ledata.

"Jiya Talatu ta ce a shanya ta a rana, asirin ya karye," in ji Malam. "Wannan ya faɗi a gabana ya ce, Baba, ka hana ni kiranta na yarda, amma abin nan ba ya son zafi, ba ya son haske, shekararta biyu a kansa. Na ce to, ko wanda ake tuhuma ba a hana shi inuwa. Sau huɗu yana sauya ƙanƙara."

"A wajena ya saya," Gwaggo ta ce da ƙunƙuni. "Ina ba shi ina tofa masa addu'a."

Masu karatu, duk surutun da nake zuba masa a waya, ina cewa yau furotin ya yi kaza, gobe ya ƙi kaza, shi kuma yana "uhm, uhm, Dakta," na ɗauka haƙuri kawai yake yi da ni. Ashe ajiyewa yake. Na ja hijabi na rufe fuska, don abin da ya taso min ba na gaban suruki ba ne.

Aka rasa ɗaki mai duhu da rana tsaka sai siton gyaɗa. Muka shiga mu biyar, Kawu ya toshe 'yar tagar da buhu, aka ja ƙofa. Na miƙa wa Malam tabarau da hannu biyu. Ya juya shi, ya yi bisimilla, ya ɗora a kan hanci. Ko a duhu na ji Kawu yana fama da tarinsa.

Na warware zaren. Na ce a zuciyata, ya Allah, ka san abin da ke ciki. Na kunna shuɗiyar.

Ya kama. Kore shar, kamar sabon ganyen da ruwa ya wanke.

"Ikon Allah," in ji Malam a hankali.

"Baba, a ci gaba da kallo."

Na riƙe fitilar a kansa. Koren ya fara ja da baya, yana dushewa, yana dushewa, har ya zama kamar ruwan banza. Na kashe. Na ɗauko shunayyar, irin wadda masu shago ke duba jabun kuɗi da ita, na watsa masa sau ɗaya. Na mayar da shuɗiyar. Ya dawo shar kamar bai taɓa mutuwa ba.

Gwaggo ta karɓi tabarau ta leƙa, sai ta yi baya ta faɗa kan buhu.

"A'uzu billahi! Yaya, ka gani da idonka! Ta kashe ta raya! Haka za ta riƙa yi da yaron nan, in ta so ya zo, in ta so ya tafi!"

Aka buɗe ƙofa. Malam ya cire tabarau ya miƙo min.

"Na ga abin mamaki, 'yar Malam," ya ce. "Amma abin mamaki ba ya wanke mutum. Boka ma abin mamaki yake nunawa. Ni manomi ne, abin da ban san asalinsa ba, ba na shuka shi a gonata."

 Na zo da hujjata, hujjar ta koma ta zama shaidar masu ƙara. Na dubi ƙasa. Ɓawon gyaɗa ne ko'ina a daɓen siton, har da wani busasshen reshe da ya maƙale a bakin buhu, 'yan tsinkayensa suna reto. Na ƙura masa ido. Sai wani darasi da Dakta ta taɓa yi mana ya faɗo min.

"Baba, in an yarda min, ina da tambaya. A gona."

Gonar tana bayan gida. Ya shige gaba da sandarsa, muka bi shi. Na roƙe shi ya tuge gindi ɗaya. Ya sunkuya ya zaro, ya karkaɗe ƙasar.

"Baba, gyaɗa a sama take fure."

"A sama."

"'Ya'yan kuma a ƙasa."

"In furen ya faɗi sai ta sako ɗan tsinke, ya nufi ƙasa ya nutse. Can yake zama gyaɗa." Ya ɗan murmusa. "Yau ni za a koya wa gyaɗa?"

"A'a, Baba, ni za a koya wa. Wannan fa?" Na nuna wani tsinke da ya fito can sama a reshe, yana lilo, bai kai ƙasa ba.

"Wannan ba zai yi komai ba. Haka zai bushe. Shi ya sa muke ja mata ƙasa a gindi, don na saman su samu su shiga."

"To wa ke gaya wa na ƙasan ya iso? Ba shi da ido."

 Ya dubi tsinken da ke lilo, ya dubi na ƙasan da ya fara kumbura fari sol.

"Masana sun bincika, Baba. A kan ɗan tsinken akwai wani furotin mai makunni. Muddin haske na dukansa, yana riƙe da ɗan, ba ya barinsa ya girma. Da ya shiga duhun ƙasa sai ya juya, ɗan ya fara cika. Ba irinsu ɗaya da nawa ba, nawa na murjani ne, amma hikimar ɗaya ce, haske ne ke juya su. Nawa dai yana yin kore ne, shi ya sa ido ke gani. Naku ba ya nuna kansa, gyaɗa kawai yake ba ku."

Iska ta kaɗa geron maƙwabta. Malam ya tsuguna a bakin kunya, ya shafa ɗan tsinken da babban yatsa, kamar yau ya fara ganinsa.

"Shekara hamsin," ya ce. "Shekara hamsin ina ja mata ƙasa. Na ɗauka abinci nake kai mata. Ashe har da fitila nake kashe mata." Ya girgiza kai. "Tsarki ya tabbata ga wanda ya sa wa gyaɗa makunni."

"Ashe kai ma kana yi, Malam," in ji Kawu. "Kadada nawa ka mallake?"

Wannan karon Malam da kansa ya yi dariya, har sandarsa ta faɗi.

"To naki, me za a ci da shi?" ya tambaye ni.

Nan fa bakina ya buɗe, na manta a gaban wa nake. Na ce ana liƙa irinsa a jikin abin da ake son bi a cikin ƙwayar halitta, a kunna 'yan kaɗan a bar sauran a kashe, sai a ga inda suka nufa, kamar ka shafa wa tunkiya ɗaya shuni a cikin garke. Da haka ake bin yadda ƙwayar cutar daji ke yaɗuwa. Akwai wasu 'yan uwansa da ake kunna jijiya ko a kashe ta da haske, har ana gwada su a kan wasu masu makanta. Wasu kuma suna neman maganin da ba zai yi aiki ba sai daidai inda aka haska, don kada ya taɓa lafiyayyen wuri.

"Ni kuma, Baba, so nake in sa shi a cikin fumfunar da ke ɓata gyaɗa, in ga ta ina take shiga, yaushe take shiga. Ban ce zan kawo magani ba. Gani nake so mu fara yi."

Ya dubi Mu'az. "Buhu nawa muka zubar bara?"

"Tara, Baba."

"Tara." Ya miƙe yana karkaɗe riga. "Talatu, zubar da magaryar nan, ko ki ba awaki."

Gwaggo ta tsaya tana murza bakin mayafi. Sai kawai ta fashe da kuka ta jawo ni jikinta, tana dukan bayana da tafin hannu.

"To ke ma, 'yar nan! Wa ke naɗe abu a baƙar leda ya ɗaure da zare? Ko limamin Makka ya gani sai ya yi salati! Da wane ido zan kalli Bilki?"

"Laifina ne, Gwaggo, da na faɗa."

"Naki ne mana! Amma ki yafe min."

Har na fara jin numfashina ya dawo, sai Malam ya ɗaga yatsa.

"Saura ɗaya. Na ji na murjani, na ji na gyaɗa. Abin da ban ji ba, me ya kai sunan ɗana jikin kwalba?"

Wayyo ni. Da ƙasa za ta tsage da na bi tsinken gyaɗa. Wata goma sha ɗaya Mu'az yana zuwa zance, ban taɓa buɗe baki na ce masa ga abin da ke raina ba. In ya tambaya sai in ce, "Ai ka gani a aikace." Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. A gefen idona na hango shi, ya rungume filas kamar jariri, yana cizon leɓe don kada ya yi murmushi.

"Bar shi," in ji Malam. "Ba ni za ki ba wannan amsar ba, mai sunan za ki ba. Bala, ka gaida Malam Usaini. Ka ce masa Asabar tana nan, bayan la'asar. Mu'azu, na sake ka daga alkawari. Ka ba ta filas ɗin ta tafi da shi, kada amanar ta narke."

Da zai miƙo min, yatsunsa sun yi fari saboda ƙanƙara. Ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji. "Sannu, Dakta."

Ko fita Ajingi ba mu yi ba wayata ta fara rawa. Alamar nan ɗaya ta zama biyu, ta yi shuɗi. Sai ga saƙonnin Mu'az.

"Ban yarda ba ko na minti ɗaya."

"Amma Baba ya ce ina bin ki amsa."

"Kuma ba na son a rubuce. Rubutunki ne ya jawo mana wannan. Da murya."

Ina murmushi ina share ido, wani saƙon ya shigo, na Gwaggo, tana cewa in gaya wa Umma gobe za ta zo da kanta da goron ban haƙuri. Na buɗe na amsa mata da "To Gwaggo, Allah ya kai mu." Na ɗora filas a cinya, na leƙa na ga Kawu ya kunna rediyo yana bin waƙa. Na juya baya, na ja hijabi na rufe bakina da wayar, na danna.

Ba zan maimaita muku duka ba, wani abin nasa ne. Amma na ce masa ranar da na bakwai ya kunnu, a duk duniya shi na fara son in gaya wa, kuma yana gona babu sabis, shi ya sa na rubuta sunansa don in ji kamar yana wajen. Na ce tun ranar ruɓaɓɓiyar gyaɗa. Na faɗi kalmar nan da na yi wata goma sha ɗaya ina ɓoyewa, har sau biyu. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in.

Na saki yatsa. Ya tafi. Alama biyu. Shuɗi nan take.

Sai a lokacin na ɗaga ido na dubi sunan da ke saman allon.

Gwaggo Mai Ƙanƙara.

Gwaggo Talatu, wadda kunnenta ɗaya ba ya ji sosai, wadda ba ta taɓa sauraron saƙo ba sai ta ƙure murya ta ajiye wayar a tsakar gida. Tsakar gidan da na baro Malam a zaune yana alwalar la'asar.

"Kawu," na ce, "tsaya."

"Me kuma aka sace?"

Idona na kan allon. A ƙarƙashin sunanta rubutu ya fito, ɗan ƙarami, kore shar: tana naɗar murya.